Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Kayan Gwagwarmayar Matan Ingila a Gidajen Tarihi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, wato abin da ido ya gane wa kansa ya fi ƙarfin abin da kunne ya jiyo daga bakin wani. A kan wannan magana aka gina kowane gidan adana kayan tarihi, ko masu gidan sun san da ita ko ba su sani ba. Mutum yakan karanta labarin wani yaƙi a littafi ya wuce abinsa, amma ranar da aka nuna masa sulken da mashi ya huda, sai labarin ya zauna masa daram a zuciya. Sai dai akwai tambayar da mai ziyara bai cika yi wa kansa ba: wane ne ya zaɓi abin da za a gani, kuma wane ji ne wannan gani ya kora?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta yi nazarin kayan da gidajen tarihi na ƙasar Ingila suka adana dangane da fafutukar da mata suka yi ta neman 'yancin jefa ƙuri'a, daga 1866 zuwa 1928. Za ta fi mai da hankali ga tarin kayan ƙungiyar Suffragette Fellowship da ke hannun Gidan Tarihin Landan, domin shi ne ya fi shahara, sa'an nan ta auna shi da na Laburaren Mata da ke Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wato LSE. Ra'ayin da maƙalar ta tsayu a kai shi ne, wannan tari shaida ce mai daraja ƙwarai, amma shaida ce ta ɓangare guda, domin waɗanda suka tara kayan su ma suna cikin masu shari'ar. Wanda ya karɓe ta a matsayin hukuncin alƙali ya yi wa tarihi rashin adalci.

2.0 Gwagwarmayar a Taƙaice

A watan Yuni na 1866 ɗan majalisa John Stuart Mill ya gabatar wa Majalisar Dokokin Birtaniya takardar koke mai ɗauke da sa hannun mata kimanin 1,500, suna neman a ba su 'yancin zaɓe. Ba a biya musu buƙata ba, amma daga nan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa a garuruwa, har a 1897 suka dunƙule suka zama tarayyar NUWSS, wadda Millicent Fawcett ta jagoranta. Hanyar wannan tarayya ita ce lalama: rubuta koke, da kiran taro, da zaman shawara da 'yan majalisa, da jerin gwano cikin lumana.

A watan Oktoba na 1903 Emmeline Pankhurst da 'ya'yanta suka kafa wata ƙungiya dabam, WSPU, a gidansu mai lamba 62 a titin Nelson cikin birnin Manchester. Su a ganinsu an daɗe ana magana, lokacin aiki ya yi. Ranar 13 ga Oktoba 1905 Christabel Pankhurst da Annie Kenney suka katse wani taron siyasa da tambayoyi, aka kama su, suka ƙi biyan tara, aka ɗaure su. Daga nan al'amari ya yi ta zafafa: fasa tagogi, da yajin cin abinci a kurkuku, daga bisani har da sa wuta da dasa bom a gine-gine.

A nan ya kamata mai nazarin harshe ya lura da wani abu. A Ingilishi ana kiran masu lalama da sunan suffragist. Su kuwa masu zafafawa, jaridar Daily Mail ce ta laƙaba musu suffragette a 1906 domin ba'a, saboda ɗafa-ƙeyar da ke ƙarshen kalmar tana aiki ne irin na tsigalau a Hausa, kamar a ce 'yar ƙaramar mai neman ƙuri'a. Matan suka karɓi sunan suka mai da shi kirari. Yau kalmar ba'a ita duniya ta sani, ta asalin kuwa sai a bakin masana. Wannan rinjaye da aka samu a harshe shi ne dai aka samu a cikin akwatunan gilashi na gidajen tarihi.

Dokar 6 ga Fabrairu 1918 ta ba matan da suka kai shekara 30, kuma suka cika sharaɗin mallaka, 'yancin zaɓe, su kimanin miliyan 8.4. Sai a 1928 aka daidaita su da maza, aka mai da shekarun 21.

3.0 Yadda Aka Tara Kayan

Ba gwamnati ce ta tara waɗannan kaya ba, ba kuma masana tarihi ba ne. A 1926 Edith How-Martyn, wadda ita ma ta taɓa shan ɗauri saboda wannan fafutuka, ta kafa ƙungiyar da daga baya aka san ta da Suffragette Fellowship. Manufarta a fili take: raya tunawa da magabatan gwagwarmayar, musamman na zamanin zafafawa, wato 1905 zuwa 1914. 'Yan ƙungiyar suka shiga karɓar wasiƙu, da hotuna, da tutoci, da lambobin yabo, da tarihin rayuwa daga tsofaffin abokan tafiyarsu. Suka keɓe ranakun tunawa a kowace shekara, daga ciki har da 13 ga Oktoba, ranar kamun farko, da 14 ga Yuli, ranar da ake bikin haihuwar Emmeline Pankhurst. Har ila yau suka tsara jerin sunayen girmamawa na waɗanda aka ɗaure. A 1939 suka buɗe ɗan gidan nuni a unguwar Westminster, amma ba a yi wata nawa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka rufe shi. A 1950 suka miƙa kayan ga Gidan Tarihin Landan na wancan lokaci, wanda aka haɗe shi da na Guildhall aka buɗe sabon gida a 1976. An rufe wannan gini a watan Disamba na 2022 domin ƙaura zuwa tsohuwar kasuwar Smithfield.

Duk wanda ya dubi wannan tsari zai gane ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ranar tunawa ta kamu ce, jerin girmamawa na fursunoni ne, abin da ya fi tsada a cikin kaya shi ne wanda ya fito daga kurkukun Holloway. A 1995 masaniyar tarihi Laura Mayhall ta nuna a wani nazari nata yadda wannan ƙungiya ta sassaƙa siffar 'yar gwagwarmaya ta gaskiya a matsayin wadda aka kama, aka ɗaure, ta yi yajin cin abinci, aka yi mata ɗura. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma babu laifi ga wanda ya sha wuya ya rera tasa. Laifin yana ga mai sauraro in ya ɗauka ita kaɗai aka rera a wannan fage.

Akwai wani abin mamaki a tarihin gidan da ya karɓi kayan. Cikin mutum biyu da suka kafa shi har aka buɗe shi a fadar Kensington a 1912 akwai Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka daga 1910 zuwa 1915, wanda aka sa wa garin Fatakwal sunansa, kuma a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya a 1914. Harcourt yana daga cikin ministocin da suka fi adawa da ba mata ƙuri'a, har a watan Yuli na 1912 aka kama wata 'yar WSPU, Helen Craggs, a harabar gidansa na Nuneham da kayan sa wuta. Shekara 28 bayan mutuwarsa, gidan da ya kafa ya zama ma'ajiyar kayan abokan gabansa. Haka kuma a watan Maris na 1914 Mary Richardson ta sassare wani shahararren zane na Velázquez a babban gidan zane-zane na ƙasa, abin da ya sa wasu gidajen suka rufe ƙofa na ɗan lokaci, wasu suka gindaya wa mata sharuɗɗan shiga. Wato gidajen nan ba 'yan kallo ba ne a wannan rigima, suna ciki tsundum.

4.0 Abin da Kayan Suka Iya Faɗa

Adalci ne a fara da ƙarfin wannan tari, domin yana da shi. Abu na farko, yana nuna wahalar jiki ta hanyar da alƙalami ba zai iya ba. Marion Wallace Dunlop ce ta fara yajin cin abinci a watan Yuli na 1909, ta yi awa 91 kafin a sake ta. Daga watan Satumba na wannan shekara hukuma ta koma yi wa fursunonin ɗura: gandirobobi su danne mace, likita ya zura tiyon roba ta hanci ko ta baki har ciki, a kwarara madara da ƙwai. A 1913 aka yi dokar da jama'a suka kira ta kyanwa da ɓera, wadda ta ba da damar sakin fursuna in ta galabaita, a sake kamo ta in ta farfaɗo. Karanta wannan dabam, tsayawa gaban hankicin da Janie Terrero ta yi wa ɗinkin ado a Holloway a 1912, ɗauke da sunayen waɗanda suka yi yaji tare da ita, shi ma dabam. Haka nan tutar nan da Ann Macbeth ta tsara a 1910, wadda aka ɗinke sa hannun masu yajin cin abinci su 80 a jikinta. Sunayen da hukuma ta mayar lambobin ɗakin kurkuku, allura da zare sun dawo da su.

Abu na biyu, tarin yana nuna gwanintar WSPU wajen sarrafa alama. A 1908 Emmeline Pethick-Lawrence ta zaɓa wa ƙungiyar launi uku: shunayya domin mutunci, fari domin tsarki, kore domin fata nagari. Aka buga su a jikin ɗamara, da bajo, da kofin shayi, da katin gaisuwa, har da kayan wasan yara. Sylvia Pankhurst, wadda ta yi karatun zane, ta tsara fil na ƙirji da ake ba wadda ta fito daga kurkuku, mai siffar ƙofar ƙarfe irin ta tambarin Majalisa, da kibiyar da ake bugawa a jikin tufafin fursuna. Lambar yabo ta masu yajin cin abinci kuwa an ƙera ta tamkar ta soja, aka rubuta mata kalmomin jarunta iri ɗaya da na lambar Victoria Cross, wadda ita ce mafi girma a rundunar Birtaniya. Saƙon a fili yake: in jarunta ce ke sa namiji ya cancanci zama ɗan ƙasa, to ga jarunta. Ko a Gidan Tarihin Birtaniya akwai kwabon 1903 da wani ya buga wa kalmomin neman ƙuri'ar mata a kan fuskar Sarki Edward na Bakwai, ya sake shi ya shiga kasuwa yana yawo hannu zuwa hannu.

Daga wannan ƙarfi ne kuma rauni ya ɓullo. Ƙungiyar da ta ƙware wajen yin abin kallo tun tana raye, ita ce za ta bar abin kallo bayan ta shuɗe. Gidan tarihi kuwa, bisa ɗabi'arsa, mai son abin kallo ne. Sai buƙatun biyu suka dace, ba tare da wani ya ƙulla makirci ba.

5.0 Abin da Akwatin Gilashi Ya Rufe

5.1 Masu Lalama

Kafin yaƙin 1914 tarayyar NUWSS tana da 'yan ƙungiya fiye da 50,000, adadin da WSPU ba ta kai ko kusa da shi ba. A 1912 ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar Leba, ta kafa asusun taimaka wa 'yan takararta a mazaɓun da abokan adawar mata ke riƙe da su. A 1913 ta shirya tattaki daga kusurwoyin ƙasar, mata suka yi makonni suna tafiya a ƙasa, suna kwana gari-gari, wani wuri a tarbe su, wani wuri a jefe su, har suka haɗu a filin Hyde Park ranar 26 ga Yuli. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914 WSPU ta dakatar da fafutukarta ta koma goyon bayan gwamnati. A 1917, lokacin da ake ƙulla dokar da ta fito a shekara mai zuwa, Fawcett ce ta jagoranci tawagar mata zuwa wurin Firayim Minista Lloyd George.

To me irin wannan aiki yake bari a bayansa? Littafin rubuta bayanin taro, da rasiɗin kuɗin ƙungiya, da kwafin wasiƙa zuwa ga ɗan majalisa. Waɗannan kaya suna nan, galibi a Laburaren Mata, wanda ya faro a 1926, aka sa masa sunan Fawcett a 1953, ya koma hannun LSE a 2013. Akwai ma kyawawan tutoci da Mary Lowndes ta tsara domin jerin gwanon watan Yuni na 1908. Amma laburare wurin mai bincike ne wanda ya zo da niyya, gidan tarihi kuwa wurin ɗan makaranta ne da baƙo mai yawon buɗe ido. Littafin taro ba ya iya gasa da gudumar fasa taga a idon yaro ɗan shekara goma sha biyu. Sakamakon haka ya bayyana har a kan titi: an kafa mutum-mutumin Emmeline Pankhurst kusa da Majalisa a 1930, na Millicent Fawcett kuwa sai a watan Afrilu na 2018, bayan shekara 88.

Masana suna jayayya har yanzu a kan wace hanya ce ta fi kawo nasara, kuma wannan maƙala ba za ta raba gardamar ba. Abin da take cewa shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nunin da ya fito da hannu ɗaya ya raba gardamar a ɓoye tun mai kallo bai san akwai ta ba.

5.2 Matan Masaƙa

A 1901 wata tawaga ta kai wa Majalisa koke mai sa hannun mata 29,359 ma'aikatan masaƙun auduga na lardin Lancashire. An tattara sa hannun ne gida-gida da ƙofar masaƙa, bayan an tashi daga aiki. Mata irin su Selina Cooper da Sarah Reddish sun yi shekaru suna wannan hidima, amma sunayensu sun kusa ɓacewa har sai da Jill Liddington da Jill Norris suka fitar da littafinsu a kansu a 1978, kuma sun dogara ƙwarai ga hira da 'ya'yan matan da kuma jaridun ƙananan garuruwa.

Dalilin ɓacewar ba boyayye ba ne. Shiga kurkuku da gangan abu ne da mai hali ta fi iyawa, domin macen da abincin 'ya'yanta ya rataya ga albashin mako ba ta da wanda za ta bar wa gida na wata uku. Ajiye kaya shekara arba'in ma sai mai gida nata na kanta, mai akwati da ɗakin ajiya, wadda ba a tashinta saboda kuɗin haya. Ko a cikin kurkukun ba a yi wa kowa daidai ba. Constance Lytton, 'yar babban gida, da aka kama ta da sunanta sai likita ya duba zuciyarta aka sake ta. A 1910 ta yi shigar talaka mai ɗinki, ta kira kanta Jane Warton, aka ɗaure ta a Liverpool, aka yi mata ɗura sau 8 kafin a gane ko wace ce. Shi ma wannan labari ya tsira ne domin mai shi tana da ilimi da gatan da za ta rubuta shi.

Takardun Sylvia Pankhurst, wadda aka kore ta daga WSPU a 1914 saboda ta rungumi talakawan gabashin Landan da ƙungiyoyin ƙwadago, galibinsu suna wata cibiyar tarihi a birnin Amsterdam. Ita kanta ta ƙaura zuwa Habasha a 1956, ta mutu a Addis Ababa a 1960. Tutar reshen WSPU na Manchester ta 1908 kuwa a wani shagon gwanjo na agaji a Leeds ta ɓulla, sai a 2017 Gidan Tarihin Jama'a na Manchester ya saye ta da taimakon gudummawar mutane. Tsiran kaya, kamar yadda wannan ya nuna, sau da yawa katari ne.

5.3 Wuta da Bom

Tsakanin 1912 da 1914 an ƙone gidaje, da tashoshin jirgin ƙasa, da coci-coci, an lalata wasiƙu a akwatunan gidan waya, an dasa bom a wurare da dama, har da gidan da ake gina wa Lloyd George a watan Fabrairu na 1913. Shugabannin WSPU sun ce dukiya suke hari, ba rai ba, amma wuta ba ta tambayar wanda ke cikin gini, kuma an sami ma'aikatan gidan waya da suka ji rauni. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya da suka tara kaya a shekarun 1930, sun manyanta sun zama dattijai masu mutunci, sun fi son a tuna da abin da aka yi musu a kan abin da suka yi. Kitty Marion, wadda aka yi wa ɗura sau 232 a ɗauri guda, tana cikin manyan masu sa wutar, kuma tarihin rayuwarta da ta rubuta ya daɗe ajiye ba a buga ba. Littafin Fern Riddell na 2018 ya taimaka wajen dawo da wannan fuska idon jama'a. Ita kuwa Mary Richardson mai sassare zane, a shekarun 1930 ta shiga jam'iyyar 'yan fasist ta Oswald Mosley har ta shugabanci sashen mata. Faɗin wannan bai rage komai daga gaskiyar buƙatar matan ba. Ɓoye shi ne yake mayar da mutane masu jini da tsoka su zama waliyyan gilashi, waɗanda ba a koyon komai daga gare su sai jinjina.

5.4 Daular Mulkin Mallaka

Akwai hoton matan Indiya cikin jerin gwanon 17 ga Yuni 1911, da na Sophia Duleep Singh, 'yar sarkin Punjab na ƙarshe, tana sayar da jaridar ƙungiya a ƙofar fadar Hampton Court. A bukukuwan cika shekara ɗari a 2018 an yi ta yaɗa waɗannan hotuna domin a nuna gwagwarmayar ta kowa ce. Amma ayarin da matan Indiyan suka shiga an shirya shi ne domin nuna girman daula a lokacin naɗin Sarki George na Biyar, kuma da yawa daga masu neman ƙuri'ar sun kafa hujja da cewa macen Ingila ta cancanci hannu a mulkin talakawan daular. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar masu adawa da ƙuri'ar mata da aka kafa a 1910 ta sami shugabancin Lord Cromer, wanda ya juya Masar shekaru da dama, sa'an nan Lord Curzon, tsohon wakilin sarauta a Indiya. Wato ɓangarorin biyu sun saɓa a kan wa zai riƙe linzami, ba su saɓa a kan dokin da ake hawa ba. Shekara ɗaya bayan dokar 1928, sojojin gwamnatin da matan Ingila suka shiga zaɓenta sun harbe mata fiye da 50 a gabashin Nijeriya, a boren da aka fi sani da na matan Aba. Nunin da ya rufe labarinsa da nasarar 1928 ya tsaya ne a bakin teku.

6.0 Kaya Ba Sa Magana da Kansu

Misalai biyu sun isa su nuna cewa ko abin da aka gani ɗin ma yana buƙatar tafinta. Ranar 4 ga Yuni 1913 Emily Wilding Davison ta shiga filin sukuwa na Epsom, dokin Sarki ya banke ta, ta mutu bayan kwana huɗu. Cikin kayan da aka samu a jikinta akwai rabin tikitin jirgin ƙasa na dawowa Landan, wanda yake Laburaren Mata. An daɗe ana kafa hujja da shi cewa ba ta yi niyyar mutuwa ba. Daga baya wasu masu bincike suka nuna cewa a ranar sukuwar tikitin zuwa da dawowa ne ake sayarwa, don haka bai tabbatar da komai ba. Tikitin bai sauya ba, 'yar takardar bayanin da ke gefensa ce take sauyawa, kuma ita mutum ne yake rubuta ta.

Na biyu shi ne hoton Evelyn Manesta, wadda aka ɗaure a 1913 saboda fasa gilasan zane-zane a Manchester. Ta ƙi tsayawa a ɗauke ta hoto, sai wani ma'aikaci ya maƙale mata wuya da hannu aka ɗauka. A hoton da 'yan sanda suka rarraba wa masu gadin gidajen nuni, an goge hannun, aka mai da gurbinsa ya yi kama da gyale. Wanda ya ga hoto na biyu shi kaɗai ya gani da idonsa, amma ƙarya ya gani.

Maganin wannan shi ne a dawo da ji kusa da gani. Tsakanin 1974 da 1981 masanin tarihi Brian Harrison ya naɗi hira kimanin 200 da tsofaffin 'yan gwagwarmaya da danginsu, na zafafawa da na lalama duka, kuma faya-fayan suna Laburaren Mata. A cikin murya ake jin shakka, da saɓani, da ɓacin rai tsakanin abokan tafiya, abubuwan da lambar azurfa ba ta ɗauke da su.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tarin kayan Suffragette Fellowship ya ceci abubuwan da ba don shi ba da sun salwanta, kuma matan da suka tara shi sun cancanci yabo, domin sun fahimci cewa wanda bai adana shaidarsa ba wani zai ba da labarinsa. An kuma ga cewa ma'aunin da suka yi amfani da shi, wato kurkuku, ya tace masu lalama, da matan masaƙa, da ɓarnar da aka yi, da talakawan daula. Hakkin da ke wuyan masu kula da irin wannan tari shi ne su gaya wa mai ziyara, tun daga bakin ƙofa, wane ne ya tara kayan, a wace shekara, da wace manufa, domin tarihin tarin ma abin nuni ne.

Wannan batu bai tsaya ga Ingila ba. Matan Arewacin Nijeriya ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekara 16 bayan tafiyar Turawa, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da 'yancin. Sunan da kowa ya sani a wannan fafutuka shi ne na Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri da duka sau da dama, ta rasu a 2001, kuma ta cancanci duk girman da ake ba ta. Amma ma'aunin da ya fito da ita shi ne dai ma'aunin kurkuku. Matan da suka shiga gidajen kulle suna bayani, da waɗanda suka dafa abincin taro, suka yi karo-karon kuɗin tara, suka rera waƙoƙin jam'iyya, aikinsu bai bar lambar ƙirji ko tuta ba, a cikin ƙwaƙwalwar 'ya'ya da jikoki yake. Cibiyoyi irin su Gidan Mambayya a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, in za su bi sawun wannan tarihi, na'urar ɗaukar magana ta fi musu akwatin gilashi gaggawa, domin kaya suna iya jira a ƙarƙashin gado shekara hamsin, amma waɗanda suka ga zaɓen 1976 da idonsu suna raguwa kowace shekara.